Daga Tsinga Zuwa Ngaundaba: Kwana Uku Tsakanin Shanu Da Dawaki

Duk wanda ya zauna a Yawunde ya san in la'asar ta yi sanyi, hayaƙin tukubar 'yan soya na Briketeri shi ne ke kiran mutanen gari. Ma'aikatan ofis da ke gangarowa daga Tsinga, da 'yan kallon ƙwallo, da baƙin da suka tashi daga taro a Palais des Congrès, kowa sai ya biyo ta nan ya sayi tsire ko kilishi kafin ya wuce gida. Sana'ar nama tamu ce tun kaka da kakanni, babu mai ja da mu a kanta. Yaron unguwarmu ɗan shekara goma zai bambance maka tozo da ƙirji ko da idonsa a rufe, ya kuma gaya maka yadda aka tashi a mayankar Etudi. Amma ka tambaye shi ko ya taɓa ganin an tatsi saniya, ko ya taɓa sa ƙafa a likkafa, sai ka ga ya sunkuyar da kai. Sa a wurinsa wani abu ne da ake saukewa daga babbar mota da daddare, doki kuwa sai a talabijin, ranar hawan sallar Kano ko sukuwar fadar Garwa.

Alhali kuwa waɗanda suka kafa mana zaman nan tun zamanin Jamus fatake ne da suka gangaro ta Banyo da Tibati da Yoko, suna koro shanu a ƙasa, suna kwana a daji wata da watanni. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ba masu karatu labarin wani wuri da muka kai ziyara da matasan unguwa a lokacin hutun Disamba, wato gandun shanu na Ngaundaba, kusa da Ngaundere, inda baƙo ke biyan kuɗi ya kwana a daji, ya hau doki, ya kalli tsuntsaye.

Kada mai karatu ya yi dariya da jin wai ana biyan kuɗi don a kwana kusa da garke. Turawa sun daɗe da mai da kewar ɗan birni sana'a. A ƙasar Amurka wasu 'yan'uwa uku, 'yan gidan Eaton, suna da gandun shanu kusa da Medora a yankin Dakota, abokansu na biranen gabas suka riƙa zuwa suna sauka suna ci suna sha, har abin ya yi wa masu gida nauyi, sai a 1882 aka fara karɓar kuɗin baƙunci. Da hunturun 1886 zuwa 1887 ya karkashe shanun yankin, sai masu gandu suka lura cewa baƙo ya fi sa tabbas, domin shi ƙanƙara ba ta kashe shi, kuma a hannu yake biya. A 1904 'yan'uwan suka ƙaura zuwa jihar Wayomin, gindin duwatsun Bighorn, inda gandunsu ya ci gaba da karɓar baƙi. A 1926 kuma masu irin wannan sana'a suka taru a garin Bozeman na jihar Montana suka kafa ƙungiya, da goyon bayan kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific, wanda shi ma yana neman fasinja. Wato tun farko jirgin ƙasa da gandun baƙi tare suke tafiya.

Mu ma ta jirgin ƙasa muka bi. Daga tashar Yawunde zuwa Ngaundere kilomita 622 ne, layin dogon kuwa ya isa Belabo a 1969, ya kai Ngaundere a 1974, tun 1999 kuma kamfanin Camrail ke riƙe da shi. Jirgi kan tashi da dare ya yi, ya isa washegari da safe. Ba za mu tsaya dogon bayani a kan tafiyar ba, don yawancinmu mun san ta: Obala, Nanga-Eboko, Belabo da tsakar dare, mata da faranti a ka suna kiran ayaba da bobolo ta taga. Abin da muke so matasa su gani shi ne wayewar gari bayan an wuce Mbitom ana tunkarar Ngaundal. Kurmin da aka kwana cikinsa ya ɓace, sai fili da ciyawa da itatuwa jefi-jefi, sai 'yan tallar zuma, sai ga farin garke na farko can nesa da makiyayi ya saɓa sanda a wuya. Wani yaro cikinmu ya ce, "Kawu, ashe nan ma Kamaru ce?"

Ngaundere tana bisa tudu, sama da mita 1,000 daga teku, saboda haka wanda ya taho da rigar shan iskar Yawunde kawai, zai ji a jikinsa da asuba. Sunan garin da harshen Mbum ne, su ne 'yan ƙasa na asali, ma'anarsa dutsen cibiya, saboda wani dutse da ke kudu da gari mai ɗan curi a kansa. Kalmar "ngau" dutse take nufi, shi ya sa za ka ji ta a Ngaundal da Ngaundaba ma. Fulani ƙarƙashin Ardo Njobdi suka kafa mulkinsu a nan cikin shekarun 1830, a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola, wanda shi kuma ya karɓo ta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, daga sunansa ne kuma aka sami Adamawa. Mun tsaya ƙofar fadar Lamido mun ga zaurukan ciyawa masu dogon kai, mun ga dogarai da jajayen riguna, muka ci abinci a gidan 'yan'uwa, sa'an nan muka ɗauki mota muka bi hanyar Meiganga.

Tafiyar ba ta kai ta kilomita 40 ba sosai, sai a saki kwalta a bi jar hanya. Ba ka ganin komai sai ciyawa da tuddai, har sai mota ta hau wani ɗan tsauni, kwatsam sai ga tafki a ƙasa, kewayayye kamar an zana shi da faifai, itatuwa sun zagaye bakinsa. Bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da ya mutu tun fil azal, ruwa ya cika shi. Tudun Adamawa yana da irin waɗannan tafkuna, akwai Tison kusa da gari, akwai Mbalang, amma na Ngaundaba ya fi su natsuwa a idonmu. Wani Bafaranshe maharbi mai suna Henri Eyt-Dessus, wanda sana'arsa ita ce ja-gorar masu farautar manyan namun daji, shi ya gina masaukin a gefen tafkin. Har yanzu hannunsa na nan a wurin: ɗakuna zagayayyu na dutse masu jinkar ciyawa, waɗanda a nan ake kira bukaru, da babban ɗakin cin abinci mai murhun jin ɗumi, da dogon teburi da baƙi ke haɗuwa a kai, da ƙahonin namun daji rataye a bango. Matasanmu sun fi daɗewa gaban ƙahonin nan da kowane abu. Mu kuwa manya da muka dube su sai muka yi ta lissafin waɗanda jikokinmu ba za su gani da rai ba.

Maganar doki ita ce ta kawo mu, don haka bari mu daɗe a kanta kaɗan. Dawakin wannan yanki ba ingarmun da ake yi wa ado da lifidi ba ne, matsakaita ne, masu haƙuri, sun saba da tudu da gangare. Kafin kowa ya hau, wani dattijo cikin tawagarmu wanda ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi a ƙasar Katsina ya tara yaran ya ce ba mai hawa sai ya san sunan abin da zai hau a kai. Ya nuna musu ragama da linzami, ya nuna sirdi da majanyi da likkafa, ya gaya musu wannan goɗiya ce, wancan dukushi ne, baƙin nan akawal ake ce masa, farin can kili. Ya ce ba a zuwa wa doki ta baya, ba a yi masa ihu, kuma ta hagu ake hawa. Yaran da suke jin Faransanci kamar ruwa suka tsaya suna maimaita kalmomin Hausa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan makarantar allo. A nan muka ga abin da ba mu lura da shi a gida ba: kalma ba ta rayuwa in abin da take nufi ya bar hannun mutane. Wanda bai taɓa ganin linzami ba, in ka ce masa "ja linzaminka", magana ce kawai ya ji.

Da aka hau kuwa, abin ya zama na dariya da farko. Mai riƙe wuyan doki da hannu biyu, mai kiran sunan mahaifiyarsa, mai roƙon a sauke shi tun ba a bar ƙofar barga ba. Amma ba a yi sa'a guda ba sai ga su sun miƙe a sirdi, ana kilisa a jere bisa gefen tsaunin, tafki a hannun dama, fili a hagu har iyakar gani. Daga kan doki mutum yana hango abin da mai tafiya a ƙasa ba ya gani, don ciyawar Disamba ta fi tsawon yaro. Ba mu yarda an yi sukuwa ba, sassarfa ma sai ga mutum biyu uku. Da yamma kowa ya dawo yana tafiya a tale, ba wanda ya iya zaman tahiya daidai, amma kashegari su ne suka riga kowa zuwa barga, har da masu neman a ba su dusa su kai.

Aikin gandu ba dole ba ne ga baƙo, ba kamar wasu gandayen Amurka ba inda baƙi ke biya su taya kora garke. Mu ne muka nema, aka haɗa mu da wani makiyayi da ke da mashekari ba nisa da wurin. Muka isa da sanyin asuba, hayaƙin garke yana tashi, shanu suna kwance kewaye da wuta. Shanun nan gudali ne na Adamawa, masu gajerun ƙaho da babban tozo, ja da fari da roɗi-roɗi, su ne suka fi nama, su ne kuma mahautanmu suka fi so. Aka saki maraƙi ya fara tsotso don nono ya sauko, aka janye shi aka ɗaure, matar gida ta durƙusa da ƙwarya tana tatsa. Wata yarinya cikinmu ta gwada, ko ɗigo bai fito ba, matar ta kama hannunta ta ce da Hausarta mai gardin Fulatanci, "A hankali 'yata, ba famfo ba ne." Daga nan sai cire kaska, wanda shi ne aikin kowace safiya: a bi saniya ɗaya-ɗaya, ƙarƙashin wutsiya da hantsa da kunne, a tsince a jefa wuta. Yaran da suke ƙyamar taɓa ƙasa a Tsinga suka yi wannan aiki har rana ta ɗaga, aka saka musu da kindirmo mai sanyi.

Makiyayin ya ba su labarin kanwa, yadda saniya ba ta ƙiba sai da ita. A kusa da Ngaundere akwai wata shahararriyar rijiyar ruwan kanwa a bakin kogin Vina, wadda ake kira lahore, inda a dā garkuna ke zuwa daga nesa su sha, Lamido kuma yana da iko a kanta. Kusa da nan ne tashar binciken dabbobi ta Wakwa take, inda aka taɓa haɗa gudali da bijiman Barahma na Amurka don a sami sa mai saurin girma. Ya kuma yi maganar ƙudan tsando, wanda tun cikin shekarun 1950 ya fara mamaye sassan tudun yana kawo sammore, har makiyaya suka gudu suka bar wurare masu kyau, sai daga 1976 aka shiga feshi da jiragen sama na tsawon shekaru kafin a ƙwato wasu makiyayun. Yau kuma ga wani ɗan itace mai yaɗo da ake kira Bokasa, wanda ke cinye fili ya hana ciyawa fitowa, shanu kuma ba sa cin sa.

To, a nan ne maganar ta daina zama ta shaƙatawa. Da muka tambaye shi me ya fi damunsa, bai ce kaska ba, bai ce tsando ba, ya ce, "Alhaji, waya." Wato wayar shinge. Tun da dokar ƙasa ta 1974 ta sa filayen da ba su da takardar mallaka cikin dukiyar ƙasa, makiyayin da kakansa ya yi kiwo a wuri ba shi da abin nunawa in mai takarda ya zo. A shekarar ce kuma aka kafa SODEPA da manyan gandayenta irin na Faro da Ndokayo da Dumbo, bayan haka aka riƙa bai wa masu hali bashi su kewaye fili su yi kiwon zamani. Attajirai da manyan ma'aikata suka shiga, wasu sun yi kiwon da gaske, wasu kuwa fili kawai suka kame. Kowane sabon shinge yana rage wa mai sanda burtali da mashaya. Muna faɗin wannan ne don mun san cikin masu karatunmu akwai dillalan shanu da 'yan kasuwa da ke da garkuna a Adamawa a hannun makiyayan haya, wasu ma suna tunanin kafa gandu. A ganinmu gandun baƙi ya fi gandun kame fili alheri nesa ba kusa ba, domin ba ya bukatar dubban kadada, kuma abin da baƙo ya zo gani shi ne makiyayin da garkensa. In ka kore shi, ka kori hajarka.

Da hantsi da kuma yamma lis lokacin tsuntsaye ne. Mu dai da farko ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba, sai da muka tarar da wasu Turawa biyu tsofaffi, miji da mata, da madubin hangen nesa da littafi, sun taso tun daga ƙasarsu saboda Ngaundaba sananne ne ga masu wannan sha'awa. A 'yar kurmin da ke bin rafi akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu da aka laƙaba wa sunan Bamenda, wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai Kamaru, shi suke nema. Mu abin da ya burge mu ya fi wannan girma: wani kore mai farin tukku wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja wur kamar garwashi, da cilakowa, da zalɓe a bakin tafki, da carki a bayan shanu yana taya mu aikin kaska. Da magariba kuma sai yautai, wani iri wanda namijinsa ke da dogayen gashi biyu a fiffike masu tuta a ƙarshe, in yana tashi sai ka rantse tsuntsaye uku ne ke bin juna. Birai ma suna nan a itatuwan bakin ruwa.

Amma manyan namun daji ba a nan suke ba, kada wani ya je da zaton zai ga giwa ta taga. Mai son wannan sai ya koma Ngaundere ya bi hanyar Garwa, ya gangara babban gangaren nan mai kwana-kwana inda sanyin tudu ke ƙarewa zafin kwarin Binuwai ya karɓe ka. Dajin Binuwai an keɓe shi tun 1932, ya zama gandun daji na ƙasa a 1968, faɗinsa kadada 180,000, masaukinsa da aka fi sani shi ne Buffle Noir a bakin kogi. Mun yi wuni guda a can. Mun ga dorina sun yi lamo a cikin gurbi sai kunnuwa da hanci, mun ga kada a kan yashi, da mariya, da gwambaza, da gadu yana gudu wutsiya a tsaye, da rundunar gwaggon biri a tsakiyar hanya ba su da niyyar kaucewa. Babban gwankin nan mai murɗaɗɗen ƙaho da Fulani ke kira yamusa, wanda shi ne alfaharin dazuzzukan arewa, bai fito mana ba. Karkanda kuwa ba za ta ƙara fitowa ga kowa ba: irin ta Afirka ta yamma a arewacin Kamaru ta yi saura, aka neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. A farkon 2012 kuma mahara bisa dawaki suka shigo dajin Buba Njida suka kashe ɗaruruwan giwaye saboda haure. Ga masu haƙar zinariya a bakin koguna, ga garkunan da ke shiga dajin da rani saboda waje ya ƙare musu, wanda ya sake mai da mu kan maganar waya.

Dole kuma mu faɗi maganar tsaro yadda take. Sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairu 2013 ya tsinke zuwan Turawa arewa baki ɗaya, har da wuraren da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga can. Daga baya kuma Adamawa ta sha fama da masu satar makiyaya don kuɗin fansa, musamman daga 2015 zuwa 2019, mutane suka sayar da garkuna suka gudo gari, har gwamnati ta ƙaro jandarmomi. Wannan ya taɓa mu kai tsaye, don duk lokacin da ruga ta watse a Belel ko Martap, sai an ji a farashin nama a Briketeri. Saboda haka mai niyyar tafiya ya tuntuɓi 'yan'uwa a Ngaundere tukuna, ya ji halin hanya da na masauki, ya kuma guji tafiyar dare a daji.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, wuraren nan an gina su ne don baƙon da ke zuwa daga Turai, shi kuwa ya yi ƙaranci, mu da muke kwana ɗaya a jirgi daga wurin ba mu ɗauke su namu ba. Hutu a wurinmu shi ne zuwa gida gaisuwa ko biki ko ta'aziyya, kuma ba mu ce a bari ba. Amma iyali da ke zuwa Ngaundere ko Garwa kowace shekara, ƙara kwana biyu a kan tafiyar ba zai karya su ba, balle in ƙungiyar unguwa ko makarantar Islamiyya ta haɗa kuɗi ta ɗauki yara ashirin a tafi tare. A Ngaundere akwai makarantar koyon aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasashen CEMAC, a Garwa akwai makarantar ma'aikatan namun daji tun 1970, ɗalibai suna zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, amma da wuya ka ji ɗan unguwarmu ya nemi shiga ɗayansu.

Ga mai shiri, lokaci ya fi komai. Babban hutun makaranta na Yuni zuwa Agusta damina ce sosai a Adamawa, jar hanya takan yi santsi, dajin Binuwai kuma ba ya shiguwa, ciyawa ta rufe komai. Hutun Disamba ya fi dacewa da doki da tsuntsaye, na wajen ƙarshen Maris kuma ya fi dacewa da namun daji, don lokacin an ƙone ciyawa, dabbobi duk sun taru a bakin ruwa. A tafi da rigar sanyi da bargon yara, da takalmi rufaffe da dogon wando saboda sirdi da kaska, da maganin sauro, da katin shaida na kowa don shingayen hanya. Maganar abinci a yi ta da masu masauki tun kafin a iso, a gaya musu yawan mutane da irin yankan da ake so. Mu da ɗan buhun garin rogo da kilishin unguwa muka tafi, kilishin kuwa bai kai kwana na biyu ba, don makiyayin da iyalinsa sun ce ba su taɓa ɗanɗana na Yawunde ba, muka bar musu rabi, suka cika mana jarka da man shanu.